Sista Miriam da Katantanwa Tilo

Duk wanda ya ɗan jima a Yelwa ta Jalingo ya san Sista Miriam, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta, mai dariyar da ake jiyowa daga bayan layi. Ni Fanta, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma 'ya'yana duk a hannunta suka faɗo duniya. Na girme ta, don haka take ce mini Adda, wato yaya da Fulatanci. Ni kuma Sista nake ce mata, kamar yadda kowa yake faɗa tun tana sanye da fararen kaya.

A Iware aka haife ta, 'yar manomin doya ce. Goggonta ita ce ungozomar unguwarsu, kuma tun Miriam tana yarinya take bin ta da ƙwarya da ruwan zafi. Ta ce ranar da ta fara jin kukan jariri a ɗakin haihuwa, sai da ta fita tsakar gida ta yi tsalle, har goggon ta zage ta. Ta yi karatun aikin ungozoma tun ana kiran jihar Gongola, aka tura ta Mutum Biyu, a can ta haɗu da Tobiya mai gyaran rediyo da agogo, mutum mai sanyin hali wanda maganarsa ta yini guda ba ta kai tata ta kafin karin kumallo ba. Suka yi aure, suka haifi Simeon, daga baya aka mayar da ita Jalingo. Ta fi shekara talatin tana karɓar haihuwa, ta Musulmi da ta Kirista, ta Bafullatana da ta Bamumuya da ta Bajukuna, kuma kowane jariri da gaisuwa ɗaya take tarbarsa: “Sannu da hanya, baƙo!”

Sai ritaya ta zo. Wannan mata da ba ta san zama ba, aka ce ta zauna. Ta share gida, ta sake sharewa. Ta shiga ƙungiyar mata a coci, ta ce surutu ya fi aiki yawa. Ta fara leƙo ni ta katanga tana gyara mini yadda nake dama fura, ni da aka haifa a ruga! Na ce wa mijinta, “Baban Simeon, ka nema wa matarka abin yi, kafin ta koya mini tatsar saniya.”

Shi ma a lokacin ido ya fara gajiya da ƙananan sukurori, sai ya gina kwarami na siminti a bayan gida zai gwada kiwon karfasa. Ya je Iware gaisuwa, ya dawo da damin kainuwa daga wani tafki, wai don kifi su sami inuwa. Wajen wanke ganyen ne wata 'yar katantanwa ta faɗo, ba ta wuce farcen ɗan yatsa ba, launin ƙasa. Ya ɗaga hannu zai jefar, Sista ta ce ya ba ta. Ba don komai ba, rashin aiki ne kawai. Ta wanke wata kwalba mai faɗin baki, ta zuba ruwan rijiya, ta saka ta ciki da guntun ganye, ta ajiye a taga.

Ba a yi mako ba, wata safiya ina shanya, na ji ana dukan ƙyaurena kamar gobara ta tashi.

“Adda! Adda Fanta! Fito ki ga ikon Allah!”

Na bi ta ɗankwali a hannu. Ta nuna mini jikin kwalbar. Wani ɗan abu ne a manne, fari ƙal kamar ɗigon yauƙin kuɓewa da ya daskare, a cikinsa akwai ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa, kowanne bai kai ƙwayar acca ba.

“Kashinta ne,” na ce.

“Kashin wa? Ƙwai ne, Adda! Ƙirga ki gani, a jere suke, kowa da ɗakinsa!”

Ta riga ta ɗauko gilashin nan da Tobiya yake duba cikin agogo da shi. Na sa ido, na ga gaskiyarta: kowane ɗigo yana zaune a tsakiyar ɗan ƙwansa, kamar an jera su da hannu. Daga ranar nan Sista ta sami aiki. Kullum da safe kafin ta ɗora ruwan shayi, sai ta zagaya majinyatanta, haka take kiransu. Bayan 'yan kwanaki ta sake kirana, wannan karon da raɗa, kamar wani yana barci. Ɗigon nan ya fara juyi a cikin ƙwai, a hankali, ba tsayawa. Kwana kaɗan kuma ya yi ɗan ɓawo a bayansa da baƙaƙen idanu biyu. Ta koyi ɗora kyamarar waya a kan gilashin, abin ya fito babba, sai ga wani wuri a jikinsa yana bugawa, ɗif, ɗif, ɗif.

“Zuciya ce,” ta ce. “Shekara talatin ina kasa kunne a cikin mata ina neman wannan bugun. Jin sa nake yi, Adda, ban taɓa ganin sa da ido haka ba.”

Ranar da suka ƙyanƙyashe, tana tsugune a gaban taga tun da hantsi, tana yi wa kowanne sannu da hanya. Kamar tsabar yashi suke, amma kowanne da gidansa a baya, yana jan ciki a jikin kwalba kamar ya san inda za shi.

To a nan gardama ta tashi. Sista ta ce abin da ya hana ta sakat shi ne, katantanwar nan ita kaɗai ce a kwalba, ina ta sami miji?

Na yi dariya. Na ce, “Haba Sista, ke da kike ungozoma? Da cikinta ta zo daga Iware. Kaza ma in zakara ya bi ta sau ɗaya, ai takan yi kwanaki tana zuba ƙwai masu ƙyanƙyasa. Ni a cikin shanu na tashi. Ban taɓa ganin nagge ta haihu ba bijimi ba.”

“Ni ma ban taɓa ganin mace ta haihu ba namiji ba,” ta ce. “Amma ga shi ta sake yin wani ƙwan, ta kuma yin wani.”

“Ajiya ta yi.”

Ta kira Simeon a waya, yana wurin aikinsa a Yola. Ya duba a wayarsa ya ce mata wai an rubuta cewa irin waɗannan katantanwa suna iya haihuwa su kaɗai. Na ce waya ai babu abin da ba ta faɗa. Abin mamaki, Sista ta goyi bayana. Ta ce ita ba ta taɓa rubuta an haihu ba sai ta ga jariri a hannu. Ta zauna tana kaɗa ƙafa, sai ta buga cinya.

“Na gane! Waɗannan ƙananan ai ba su san komai ba tukuna. In na raba su tun yanzu, kowa da ɗakinsa, ba mai ganin wani har su girma, wadda ta yi ƙwai a cikinsu, Adda, me za ki ce?”

“Sai in ce na ji. Amma ba za ta yi ba.”

Aka shiga neman kwalabe. Ta kwashe na gidanta, ta bi maƙwabta, ta je wurin masu sayar da tsofaffin kwalabe a kasuwa. Mutane suka fara cewa Sista za ta buɗe sana'ar man gyaɗa. Da gashin kaza take ɗaukar jariran, ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje, ta sa kowanne a kwalbarsa, ta rufe bakin da ƙyallen gidan sauro. Sauran da uwarsu ta juye su a babban baho. Abincinsu ganyen salak ne da ta tsoma a ruwan zafi ya yi laushi, da ɗan garin ɓawon ƙwai don gidansu ya yi ƙwari. Ta jera kwalaben a taga, ɗakin ya koma kamar kantin magani.

Sai zafin bazara ya sauko, irin na Jalingo da ko ƙadangare yake neman inuwa. Wata Lahadi suka tafi coci, daga can suka wuce gaisuwar rasuwa, ba su dawo ba sai da la'asar. Rana ta juyo ta tagar, ta dafa ruwan kwalaben. Na same ta zaune a ƙasa, ta jera su a gabanta, mafi yawa sun mutu, 'yan ɓawon sun kwanta a gindin kwalba fari fat. Ba ta yi kuka ba, amma ta ƙi cin abinci. Tobiya ya leƙo ta bakin ƙofa, can ya tafi ya dawo da tsofaffin buhunan algarara. Ya haɗa 'yar rumfa a gindin mangwaro kusa da randa, ya jiƙa buhunan ya lulluɓe. 'Yan kaɗan da suka tsira aka mayar da su can. A cikinsu ma wasu suka bi baya. Daga ƙarshe ɗaya ce ta miƙe sosai, mai cin ganye kamar fara. Sista ta raɗa mata suna Tilo.

Su kuwa na baho, da yake yana inuwa tun farko, sun yi ta girma abinsu. Uwar dai ta tsufa ta mutu kafin ruwan farko. A bahon nan muka ga abin da ya sa na riƙe baki. Wata rana da rana tsaka Sista ta kira ni, ta kira Tobiya. Wata katantanwa ta hau bayan wata, ta zagaya, ta liƙe a gefen bakin ɓawon, ta miƙa wani farin abu siriri ta cusa. Sun daɗe a haka.

“To ga namijin nan,” na ce. “Na sama. Magana ta ƙare.”

Sista ta tashi. Ta ɗauko jan farce, da suka rabu ta tsamo na saman, ta goge bayansa, ta ɗiga masa ja kaɗan. Bayan kwana biyu sai ga mai jan ɗigon nan a ƙasa, wata ta hau shi. Ba a jima ba kuma muka same shi manne da jikin baho yana zuba ƙwai.

Na ce, “La'ilaha illallahu! To yanzu shi ne ko ita ce?”

Tobiya, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, bai taɓa damuwa da bambancin “ya” da “ta” ba, ya leƙa ya ce, “Wannan mace, ya yi ƙwai. Jiya kuma ita ne miji.”

Sista ta faɗi ƙasa don dariya. Shekara da shekaru tana gyara masa wannan magana, ta ce, ashe shi kaɗai ne a Taraba yake jin Hausar katantanwa.

Duk da haka ban sauka ba. Na ce ko mata-maza ne, ai dai biyu suka haɗu. Tilo kuwa ba ta taɓa ganin kowa ba tun tana tsabar yashi, bari mu gani.

Damina ta kankama, kogin Mayo Gwoi ya cika ya batse, ciyawa ta rufe bayan gida. Tilo ta kai girman uwarta, tana yawo a kwalba ita kaɗai, takan hau sama ta shaƙi iska ta koma. Sista ba ta barin kowa ya taɓa kwalbar. Ruwan da za ta canja mata sai ta tace shi da ƙyalle ninki biyu, kada wani ɗan baƙo ya shiga in sami abin faɗa. Gashin kazar Tilo ma daban yake. Ni kuwa kullum in na leƙo sai in ce, “Yaya amarya, ango bai zo ba?”

Ranar wata kasuwar Iware ce, na tuna don Tobiya ya tafi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ga kan Sista ya ɓullo ta saman katanga. Ta hau turmi. Ba ta yi ihu ba, ta dai ɗago kwalbar sama da hannu biyu, idonta kamar zai faɗo. A jikin gilashin, ga ɗigon yauƙin nan.

Na dake. “Kaza ma tana yin ƙwai ba zakara,” na ce. “Sai dai na suya ne, ba ya ƙyanƙyasa.”

“Gaskiyarki,” ta ce, ta sauka daga turmin. “Mu jira.”

Wannan jiran ya fi na baya wuya. Ni da nake gardama na koma riga ta zuwa gindin mangwaro. In na idar da sallar asuba, gari ya ɗan waye, sai in zagaya, in same ta ta fito da gilashi. Mukan karɓa hannu da hannu. Kwanan farko ɗigon yana nan shiru. Na ce ga shi nan, holoƙo ne. Ta ce in yi haƙuri, ciki ba ya nunawa ran da aka same shi. Sai wata safiya, ni ce ma nake riƙe da gilashin, na ga ɗaya ya motsa. Na ɗauka hannuna ne yake rawa. Na dafa kwalbar da kyau. Yana juyi. Na kusa da shi ma yana juyi. Duk suna juyi!

Wallahi ni na fara yin guɗa. Ni da aka kayar! Sista ta rungume ni muna tsalle, tsofaffi biyu, har zanina ya kusa kwancewa. Matan layi suka shigo a guje suna tambaya wa ya haihu. Sista ta ce, “Tilo ce, kuma ba uba!” Wata ta yi salati ta ce 'yar gidan wa ce. Da aka nuna mata kwalba, ta ce lallai ritaya ba ta karɓi Sista ba. Amma ita ma sai da ta sa ido a gilashin, kuma ba ta tashi ba sai da aka janye ta.

Da suka ƙyanƙyashe na dama fura da nono mai kyau na kai gidan, na ce ga kayan barka, na sauka daga gardama. Sista ta ce ba ta yarda ba sai na faɗa a gaban Tobiya. Na faɗa.

Labari ya kai kunnen Siddiq, wani magidanci da yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a cikin gari. Sun yi aiki tare kafin ta bar aiki, Mama yake ce mata. Ya zo da yamma a kan babur, ya zauna a gindin mangwaro, ta ba shi labari tun daga kainuwa har zuwa guɗata. Ya yi ta murna. Ya ce abin da ta yi, haka masu bincike suke yi. Ya bayyana mana cewa kowace ɗaya tana da kayan namiji da na mace a jiki ɗaya. In ta sami abokiya sukan yi musaya, har ta ajiye abin da ta karɓa ta yi ta amfani da shi, don haka maganata ta farko ma ba shirme ba ce. In kuwa ba ta sami kowa ba, sai ta haɗa nata da nata.

Sai ya sa cokali ya ɗauko ɗaya daga baho, ya juya ta, tsinin sama, bakin yana kallonsa. Na ga fuskarsa ta canja.

“Mama, daga ina kika ce an kawo uwar?”

“Tafkin Iware. Lafiya?”

“Dubi bakinta, hagu yake kallo. Wannan ta yi kama da irin da take ɗaukar tsargiya. Fitsarin jini.”

Nan take Tobiya ya miƙe ya kama bakin baho, ya ce yanzu zai juye su a kwata.

“Kada ka soma, Baba!” Siddiq ya riƙe hannunsa. “Kwata ina take zuwa? Kogi. Ai Mama ta riga ta nuna mana guda ɗaya ta isa ta cika tafki.”

Ya zaunar da mu ya yi bayani a tsanake. Katantanwa ba a haifarta da cutar. Mutum mai tsargiya ne yake fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fashe, ta shiga jikin katantanwa ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba ta bi ta ƙwan katantanwa. Saboda haka duk waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan nan tsarkakakku ne. Uwar ce kaɗai abin tambaya, da ita da ruwan da aka wanke kainuwa. Ya tafi da wasu ya duba, ya kuma sa mu ukun muka kai fitsari, har sau biyu, da tazara a tsakani. Kwanakin nan Sista ta yi sanyi, tana ta ba ni haƙuri wai ta jawo ni. Sakamako ya fito, ba kowa da komai a cikinmu.

Na zaci daga nan za ta watsar. Ina! Sai ma abin ya ƙara mata wuta. Ta ce tun tana yarinya a Iware take ganin yara maza suna fitsarin jini, manya suna cewa alamar girma ce. A wurin aiki kuma ta sha ganin masu ciki da jininsu ya ƙare, an yi ta ba su maganin ƙarin jini, ashe wasu ruwan da suke wanki a ciki ne yake cinye su. Ta san sunan cutar tun a makaranta, ta san maganinta, amma ba ta taɓa kallon katantanwar ido da ido ba sai da ta raine ta a taga.

Ta je ta sami ma'aikatan ƙaramin asibitin Iware, suka ba ta dama ranar awon ciki. Na raka ta. Muka shiga mota, kwalbar Tilo a cinyarta an naɗe da jiƙaƙƙen tawul, tana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Mata sun cika benci, wasu da goyo, sun gaji da jira. Sista ba ta fara da cuta ba. Ta ɗaga kwalba ta ce, “Wa ta taɓa ganin wadda ta haihu ba miji?” Aka fashe da dariya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da waya da gilashi, suna ganin zuciya tana bugawa a cikin ƙwai. Wata ta dafa cikinta ta ce, “Kamar nawa!” Sai da suka gama mamaki sannan ta gaya musu sauran, da Hausa, da Mumuyanci, ni kuma na juya da Fulatanci: kada a bar yara su yi fitsari a tafki, ruwan wanka a ɗebo a bar shi ya kwana biyu ko a tafasa, wanda ya ga jini ya zo a gwada shi, akwai magani.

Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta ce, “To ai tafkinmu yana ƙafewa ƙaf da rani. Ina suke samun dawowa?”

Sista ta ce Siddiq ya gaya mata sukan nutse a laka su rufe bakinsu har ruwa ya dawo. “Ko duk sun mutu, Inna, in ɗaya ta rage, ba ta jiran kowa. Ga shaida a hannuna.”

Dattijuwar ta karɓi kwalbar, ta daɗe tana kallon Tilo, ta ce, “Kai, wannan ba ta da kunya.” Mako na gaba ita ta kawo jikokinta uku gwaji.

Tun daga nan ake kiran Sista. Ta je Mutum Biyu, inda wasu iyayen da suka zo sauraro ita ta karɓi haihuwarsu. Ta je makarantu biyu a cikin gari. Matsalarta ɗaya, 'ya'yan baho ba sa daina ƙaruwa, ita kuma ta ce hannun da ya saba karɓa ba zai kashe ba. Siddiq yakan ɗebi wasu don koyar da ɗalibai. Sauran, bayan doguwar muhawara, aka yarda agwagina su riƙa zuwa suna cinye su. Ranar da za a ba su, Sista takan shige ɗaki ta kunna rediyo. Kifin Tobiya kuwa, wanda saboda shi aka fara duk wannan, ya yi kyau ba laifi, sai dai ba mai tambayar lafiyarsa.

Watan jiya wata mata daga cikin masu ɗiban yashi a Mayo Gwoi ta kawo mata tsaraba a gwangwani: wata katantanwa daban, doguwa mai tsini kamar ƙaramin dunƙulen igiya, mai son nutsewa a yashi. Sista ta ba ta kwalbarta, ta zuba mata yashin da ta wanke ta tafasa. Muka zuba ido mu ga ƙwai. Shiru, ba ɗigo ko ɗaya a jikin gilashi. Sai ga shi wata safiya 'yan ƙanana suna yawo a kan yashin, kowanne da ɗan tsininsa.

“Ina ƙwan?” na ce.

“Babu!” Sista ta kama kafaɗata tana girgiza ni. “Na duba ko'ina, babu! Adda, wannan ba ta ƙwai, haihuwa take yi!”

Siddiq ya tabbatar, ya ce irin wannan a jikinta take riƙe 'ya'yan sai sun yi ƙwari ta sake su. Sista ta ce ta ji, amma sai ta gani. Yanzu haka ta sa Tobiya ya yanko gilashin taga guda biyu, yana haɗa mata wani siririn akwati da yashi kaɗan, yadda baiwar Allah ba za ta sami wurin ɓuya ba. Jiya na same su a gindin mangwaro, shi yana shafa gam, ita tana tsaye a kansa tana cewa ya matse, ya yi faɗi da yawa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Adda, ki gaya masa ya bar ni in yi aiki.”

Na jawo kujera na zauna, na ce su yi sauri, ina da wanki.